Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Bijimin da Ba Shi da Makiyayi

A kashin makon jiya na tsaya a inda muka kammala jarrabawar zangon farko na shekarata ta biyu a birnin Koyimbato, cikin jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. Hutun da ya biyo baya ya zo daidai da bikin Pongal, wanda Tamilawa suke yi a tsakiyar watan Janairu don murnar kaka, kuma wani abokin karatuna ya gayyace ni gidansu a kan duwatsun Nilgiri, kusa da garin Kunur, inda mahaifinsa yake aikin kula da ma'aikata a wata gonar shayi. Na amsa gayyatar ne musamman saboda ya gaya mini cewa a cikin kwanakin bikin akwai ranar da aka keɓe wa shanu, ana yi musu wanka, a shafa wa ƙahoninsu fenti, a rataya musu furanni. Masu bibiyar wannan tarihi sun san cewa ni ɗan dillalin shanu ne, a kara na tashi, tun ina ɗan shekara tara nake bin mahaifina kasuwar Wudil ranar Juma'a, saboda haka duk inda aka ambaci saniya kunnena yana wurin.

Mun hau jirgin ƙasa daga Metupalayam da sassafe. Jirgi ne ƙarami wanda injin tururi yake turawa daga baya, yana hawan dutsen da taimakon haƙoran ƙarfe da aka shimfiɗa a tsakiyar dogo, kuma tafiyarsa tafiyar hawainiya ce. Kunur yana da tsayin kimanin mita 1,850 daga doron teku, kuma sanyin da na tarar a can ya sa na raina hunturun Kano da nake yi wa kuri.

Da daddare, muna cin abinci, mahaifin abokina ya ja mini kunne cewa kada in fita yawo cikin gona da asuba ni kaɗai, domin akwai abin da ya kira katu madu, wato saniyar daji da harshen Tamil. Da Turanci kuma ya ce sunanta gaur. Na yi murmushi cikin ladabi, amma a zuciyata cewa na yi, ai ba a tsorata ɗan kara da saniya. Na riƙe igiyar bijimai masu faɗa, na san jan sa na Rahaji da zafin ransa, na san yadda ake shiga tsakiyar garke ba tare da an firgita shi ba. Kakana na wajen uwa kuma maharbi ne, ya sha ba mu labarin ɓauna, don haka na ɗauka cewa abin da dattijon yake nufi bai wuce wata 'yar ɓauna ta ƙasarsu ba.

Washegari bayan na idar da sallar asuba barci ya ƙi dawowa, sai na yafa bargo na fita. Hazo ya rufe gangaren, raɓa ta daskare a kan ciyawa, bishiyoyin shayi kuwa an aske su daidai ƙugu, sun jeru layi-layi har inda ido ya tsaya. Na bi wata siririyar hanya da ta ratsa tsakanin layukan, wadda faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba. Abin da na fara ji shi ne wari, wani wari mai maiƙo da ya yi kama da na turke amma ya fi shi kauri, sannan na ji sautin da na fi sani a duniya, sautin saniya tana fizgar ciyawa da harshe. Na ƙara taku kamar goma, na sha kwana, sai na ga wani baƙin abu da na ɗauka dutse ne, har sai da dutsen ya ɗaga kai.

Tsakanina da shi bai kai taku goma sha biyar ba. Ina da tsayi daidai gwargwado, amma doron wannan dabba ya haura kaina. Ba shi da tozo irin na shanunmu. Maimakon haka wani tudun tsoka ne ya taso daga kafaɗa ya miƙe har tsakiyar baya, sannan ya yanke kamar an sare shi da gatari. Fatarsa baƙa ce wuluk, gashin gajere, tana sheƙi kamar an shafe ta da man shanu, kuma ana ganin kowace jijiya tana motsi a ƙarƙashinta. Ƙahonin sun fita gefe suka lanƙwaso sama suka fuskanci juna, gindinsu ruwan ɗorawa, bakinsu baƙi, tsakaninsu kuma akwai wani tudun goshi mai gashi ruwan toka. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙafafun. Daga gwiwa zuwa kofato farare ne, kamar wanda aka sa wa safa, kuma sirara ne ƙwarai idan aka dubi nauyin da suke ɗauke da shi. Idon dillali ba ya hutawa ko a bakin mutuwa, domin na tuna sarai cewa a wannan tsayuwar na ƙiyasta shi a raina, na ga cewa ya ninka sa mafi girma da na taɓa gani an ɗaure a kara. Daga baya na tabbatar cewa ƙiyasina bai yi nisa da gaskiya ba, saboda bijimin gaur da ya gama girma yana iya haura kilo 1,000, kuma babu wani nau'in shanun daji a duniya a yau da ya kai shi girma.

A nan ne na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Da na ga ya tsaya yana tuƙa yana kallona da idon saniya, sai jikina ya yi abin da ya saba tun ƙuruciya: na kaɗa harshe na yi masa irin kiran da muke yi wa sa idan muna so ya matsa daga hanya, har na ɗaga hannu kamar mai riƙe da sanda. Ya daina tuƙa. Ya yi wani huci mai haɗe da fito, sannan a hankali ya juya mini gefensa gaba ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ƙanƙame jiki, har tudun bayansa ya ƙara tashi. Ni kuwa, da ilimina na kara, sai na fassara juyawar da cewa zai tafi, domin a zatona sa idan ya ba ka gefe ya sallama ke nan. Na ɗaga ƙafa zan ƙara taku.

Wani hannu ne ya damƙi bargona ta baya. Wata dattijuwa ce cikin masu tsinkar ganyen shayi, 'yar ƙarama, da buhu rataye daga goshinta zuwa baya, ban ma ji isowarta ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tambi," wato ƙane, ta ɗora yatsa a leɓe, sannan ta riƙa jana da baya-da-baya, taku ɗaya bayan ɗaya, fuskokinmu suna wajen dabbar amma idanunmu a ƙasa. Sai da muka koma bayan wata doguwar bishiya daga cikin waɗanda ake shukawa don yi wa shayi inuwa, ta nuna mini ƙasan gangaren da haɓa. Hazon ya ɗan yaye, na ƙirga shanun daji mata bakwai, launinsu ja-ja mai duhu, da maruƙa biyu. Hanyar da nake shirin bi da ta ratsa da ni tsakanin bijimin da garken.

Abokina ya fassara mini faɗan da ta yi mini bayan mun iso gida. Ta ce idan gaur ya ba ka gefe, nuna maka girmansa yake yi domin ka auna kanka, haka yake yi wa ɗan'uwansa bijimi kafin karo. Ta ce su da suke aiki kullum a kusa da su ba sa kiransu, ba sa korarsu, ba sa shiga tsakanin uwa da ɗanta, kuma duk da haka akan sami wanda aka soke a yankin, galibi a irin wannan lokaci na hazo da mutum yake yin kiciɓis da dabbar a kwana. Na sunkuyar da kai na ce, "Na gode, Amma," wadda ita ce kalmar da suke kiran uwa da ita, domin ba ni da abin cewa da ya wuce haka.

Sauran kwanakin hutun na yi su ne ina tambaya. Mahaifin abokina ya bayyana mini cewa asalin mazaunin dabbar dazuzzukan da ke kewaye ne, irin su Mudumalai da Bandipur, da ƙananan kurmin da suka rage a kwaruruwan duwatsu, amma gonakin shayi da gidaje sun ci wuri, wata ciyawa mai ƙaya da ake kira lantana, wadda aka shigo da ita don ado a zamanin mulkin Ingila, ta mamaye makiyaya a cikin daji, saboda haka suke fitowa su ci ciyawar da ke tsakanin layukan shayi, su shiga lambun karas da kabeji. Dokar kare namun daji ta Indiya ta 1972 ta sa su cikin rukunin da ya fi kowanne tsananin kariya, don haka ba mai taɓa su, su ma sun daina gudun mutane. A cikin daji kuwa, babbar damisar nan ta Indiya mai ratsi-ratsi ce take iya kayar da babba daga cikinsu. Na kuma gane cewa kuskure ne kwatanta shi da ɓaunar kakana. Ɓauna ƙahoninta sun haɗe a goshi kamar kwalkwali, kuma danginta daban ne. Gaur kuwa ɗan'uwan saniyar gida ne na kusa, har ma a arewa maso gabashin Indiya, a jihohi irin su Arunacal Pradesh da Nagaland, akwai nau'insa na gida da ake kira mitun, wanda ake biyan sadaki da shi. A ganina wannan kusancin shi ne haɗarinsa ga mutum irina, domin da ɓauna na gani da ban tsaya kaɗa mata harshe ba.

Akwai abu ɗaya da dattijon ya faɗa wanda ya taɓa ni fiye da sauran. Ya ce a 1968 wata annoba da ta fito daga shanun gida ta shiga Mudumalai da Bandipur ta kusan ƙarar da garkunan gaur, kuma da ya kwatanta alamunta, zawo da miki a baki da idanu masu zubar ruwa, sai na gane bushiya yake nufi, cutar da mahaifina ba ya ambata sai ya nemi tsari, saboda abin da ta yi wa Fulanin da yake hulɗa da su a 1983. Sai a 2011 aka sanar da cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Ranar da na sauko Koyimbato na kira gida. Na ba mahaifina labarin tun daga wari har zuwa fararen ƙafafu, amma na tsallake wurin kaɗa harshe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro, ka ce ya ninka Bokolo?" Na ce, "Wallahi Baba ya ninka, har da ɗori." Ya tambaye ni ko yana da tozo, na ce babu. Ya tambaye ni wane ne mai shi, na ce ba shi da mai shi, gwamnati ce kawai ta hana a taɓa shi. Ya sake yin shiru na ɗan lokaci, ina jin hayaniyar kara a bayansa, sannan ya ce in tabbata na turo hoto ta wayar ƙanena, domin idan ya faɗi wannan magana a rumfar dillalai ba tare da shaida ba, cewa za a yi Alhaji ya fara ƙarya da tsufansa. Hoton kuwa ban ɗauka ba, kuma neman sa ne ya kai ni dajin Mudumalai bayan wata uku, tafiyar da zan ba da labarinta a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.