Ranar da filaya ta yi tartsatsi a saman tsani

Talata, bayan sallar isha'i.

Na yi wanka, na ci tuwo, amma har yanzu ƙaurin roba bai bar hancina ba. Da na rufe ido sai in ga tsanin nan yana rawa da yaron mutane a kansa.

Da safe wani Alhaji mai shagon kayan gini ya kira ni, intanet ɗin da ke haɗa shagonsa da sito yana ɗaukewa yana dawowa tun da hunturu ya kankama. Ba ni na yi aikin farko ba. Muka isa wajen ƙarfe goma, ni da yaron da ke koyon aiki a wajena wata biyar ke nan. Matsalar a fili take: kan kebul ɗin da ke shiga rediyon saman kwano, wato na'urar da ke aika intanet ta iska, ya bushe, 'yar ƙugiyar robar ta karye, ƙura ta cika tsakanin haƙoransa. Sabon kan kebul, wanda muke kira RJ45, kawai za a sa.

An ɗauke wuta a lokacin, sai na ce masa, "Hau ka canja, ba wuta." Alhaji ya ja ni gefe da maganar kyamarori. Yaron ya yanke tsohon kai, ya fere, ya jera wayoyin nan takwas yadda na koya masa, daga fari-da-lemo har zuwa ruwan ƙasa. Yana cikin haka wani ya tada janareta a baya. Na ji ƙarar da kunnena, amma hankalina bai kai ga kebul ɗin ba.

Ya zura wayoyi, ya matse filaya. Sai tas! Ya fizge hannu, tsani ya goce kamar taku ɗaya, ya rungumi ƙarfen eriya. Ban san sanda na isa gindin tsanin ba. "Oga, ba komai, ba komai," yake ta faɗa, alhali ƙafarsa na kaɗawa.

A ofis na tarar da ɗan akwatin da ke tura wa rediyon wuta ta cikin kebul, fitilarsa ta mutu, jikinsa da ɗumi, ƙauri ya cika ɗakin. Bolt 24 ne, irin wanda ba ya tambaya.

Da muka zauna a inuwa na zana masa abin a bayan kwali. Wutar da ke bin kebul ɗin intanet, wadda muke kira PoE, iri biyu ce. Akwai mai bin ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE: ta 2003 mai wat 15.4, ta 2009 mai wat 30, da ta 2018 da ke kaiwa wat 90. Suwic, wato akwatin da ke rarraba intanet ta kebul, in mai wannan ƙa'ida ne sai ya fara lalube da 'yar wuta kaɗan, ya tabbatar na'urar da ke ɗaya ƙarshen mai karɓar wuta ce, sannan ya saki bolt 44 zuwa 57. In ka zare na'urar, ya janye wutar kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Ɗaya nau'in kuwa, wanda ya cika rediyoyin saman kwano a garin nan, da zarar an jona shi wuta na kwance a waya ta 4 da ta 5, masu shuɗi, tana komawa ta 7 da ta 8, masu ruwan ƙasa. Ko da na'ura ko babu, tana nan.

Sai na buɗe masa bakin filayar. Haƙoran da ke danna allurai takwas ɗin ƙarfe ɗaya ne. Wuƙar da ke datse ragowar wayoyi a irin kan da ake zurawa su ɓullo ta gaba, ita ma ƙarfe ɗaya ce, tana yanka takwas ɗin lokaci guda. Matsa ɗaya, shuɗi ya haɗu da ruwan ƙasa. Ga baƙin tabo nan a bakin wuƙar, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero, kuma daga yau ba za ta ƙara yanka da kyau ba.

Ya ce, "To Oga, ai na sha ganin kana matsewa ba ka cire ba."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Gaskiya ya faɗa. Na saba da suwic masu lalube, suna rufa mini asiri, shi kuma yana kallon hannuna yana ɗauka haka aikin yake. Bolt 24 ba ta kashe mutum, shi ma firgita kawai ya yi. Amma firgita a kan tsani, ƙasa kuma siminti da tarin rodi, ita ce abin da ke karya baya. Mahaifinsa da kansa ya kawo mini shi, ya ce amana.

Na hau babur zuwa Beirut Road, inda ake sayar da kayan kwamfuta, na sayo sabon akwati da kuɗina. Alhaji ya so ya biya, na ce a'a, ganganci nawa ne. "Allah ya kiyaye gaba," ya ce. Rediyon bai ƙone ba tunda a zare yake. Wannan karon na cire kebul daga akwatin da hannuna, na naɗa masa jan salatif, na sa yaron ya sake hawa ina riƙe da tsani. Muka gwada da tasta, fitilu takwas suka bi layi, sannan muka jona.

Gobe muna da kyamarori shida a wata makaranta. Na riga na sa jan salatif ɗin a jakarsa, kuma shi zai fara shiga ɗakin suwic kafin a sauke tsani daga mota.