Babbar rigata ta yi fumfuna, alhali esi na aiki

Daminar farko da na yi a Legas, ranar wata Juma'a na buɗe durowa zan ɗauko babbar rigata, shaddar da aka yi wa aikin hannu a Kano, sai na tarar wuyanta ya yi tabo-tabon fumfuna. Takalmana na fata sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari. Ɗakin kuwa akwai esi mai hos biyu, kullum aka kawo wuta yana kunne. Sanyi har sai na ja bargo, amma zanin gado kamar wanda aka kwaso daga igiya bai gama bushewa ba.

Mu da muka taso a Kano, zafi muka sani. A watan Afrilu ya wuce digiri 40, amma busasshe ne, ka yayyafa ruwa a tsakar gida ka ji sauƙi. Legas ba kasafai take kai haka ba, sai dai iskarta a jiƙe take, gumi ya fito ya rasa inda zai tafi. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, aikin esi biyu ne: ya sanyaya iska, ya kuma tatse ruwan cikinta. Ruwan nan da ke ɗiga ta ƙaramin tiyo a bayan ɗaki, daga iskar ɗakinka aka cire shi. Asali ma saboda danshi aka ƙirƙiro na'urar. A 1902 Willis Carrier ya haɗa ta don wata maɗaba'a a Brooklyn, inda laima ke sa takarda ta kumbura launuka su kauce.

Wani dattijon mai gyara ne ya warware min. Ya dubi ɗakin, ya dubi na'urar, ya ce, "Alhaji, wannan ta fi ƙarfin ɗakin nan. Minti kaɗan ta sanyaya shi ta tsaya, ba ta daɗe tana aiki ba balle ta kwashe ruwa." Ni da nake taƙama na sayi babba!

To, da Allah ya hore min na fara ginin nawa a Ikorodu, sai maganar ta dawo. Yayan matata, wanda ke yawan zuwa Dubai, ya dage sai na sa irin ta otal: na'ura ɗaya babba, bututu ya bi ta cikin silin ya rarraba sanyi ko'ina. Ya ce waɗannan akwatunan da ake liƙawa a bango, wato sifilit, suna ɓata ado. Gaskiyarsa ta nan. Kuma idan an yi aikin da kyau, babbar na'ura tana busar da gida gaba ɗaya, har baranda ta ciki da lungun da ake ajiye kaya, wuraren da sifilit ba ya kaiwa.

Amma na zauna da biro da takarda. Da farko dai wuta. Tun Afrilun 2024 da aka mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit, aka ɗan rage daga baya, mutum ya daina wasa da mita. Da rana yara suna makaranta, maman su na falo ita kaɗai, me zai sa in sanyaya ɗaki huɗu? In an ɗauke wuta kuma, ƙaramin janaretana zai iya ɗaukar sifilit ɗaya mai inbata, irin wanda ke rage gudu maimakon ya tsaya, amma babbar na'ura sai dai in nemo mai dizal. Ranar da ta lalace, gida duka ya shiga uku lokaci guda, ga shi masu iya gyaranta ba su kai na sifilit yawa ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne bututun. Tsakanin kwano da silin zafi ne da laima. Ka bi da bututu mai sanyi ta wurin, in ba a naɗe shi sosai ba, zai riƙa gumi kamar kwalbar lemo da aka fito da ita daga firji. Na gani da idona a wani ofis da na taɓa aiki: silin ya yi taswira ruwan ƙasa, ana kunna esi sai wari kamar na tsohon buhu.

Na sa sifilit huɗu, duk masu inbata, don su ba sa tsayawa cak, sai dai su rage gudu su ci gaba da tatsar ruwa. Ɗakunan kwana hos ɗaya-ɗaya, falo hos biyu. Yayan matar tawa ya ce na yi rowa. Da damina ina danna alamar ɗigon ruwa a rimot, wadda ke sa esi ya mai da hankali kan tatsar laima, na kuma sayi ɗan agogon auna laima, ina ƙoƙarin kada ya haura kashi 60, domin daga nan fumfuna ke samun gindin zama. Duk sati biyu ina wanke ragar tace ƙura, aikin da babu wanda ke taya ni.

Durowa ce kawai har yanzu ta gagara. Sai na bar ƙofarta a buɗe da dare, maman yara tana mita wai na mai da ɗaki shagon tela. Ruwan tiyo kuma bokiti muka tara masa, da shi take ba barkononta ruwa.