Takardar shafi biyu ta wuce, saura kuɗin Janiba

'Yan'uwa masu neman gurbin horon aiki a fannin diflomasiyya, albishirinku. Jiya da yamma saƙo ya shigo: wani ofishi a Janiba, birnin ƙasar Suwizalan, da ke aiki kan haƙƙin al'ummomin asali da na mata ya sa ni cikin waɗanda za a yi wa ganawa ta intanet. Wallahi na yi murna, sai da na yi sujada. Tun bara nake tura takardu, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Cike fom da wasiƙar neman gurbi kun san su. Abin da ya hana ni barci shi ne samfurin rubutun da suka nema: takardar shawara, kada ta wuce shafi biyu, kan wata matsala ta matan al'ummomin asali a yankin mai nema.

Na zaɓi matan Mbororo, wato Fulanin Bororo, na Mambila da Adamawa da tsallaken iyaka a Kamaru. Hukumar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Banjul ta lissafa Mbororo cikin waɗannan al'ummomi a rahoton da ta amince da shi a 2003, don haka ta nan ba gardama. Maganar kuma na san ta da idona. Shanu galibi na maza ne, amma nono na mace ne. Ita ke tatsa, ita ke kaɗa mai, ita ke ɗora ƙwarya a ka zuwa kasuwa, da kuɗin take sayen gishiri da sabulu da maganin yara. Ran da aka toshe burtali ko aka killace mashaya, ruga ta ƙara nisa da gari, kafin ta iso nonon ya yi tsami fiye da yadda masu saye ke so. In an zo sasanci ko biyan diyya, arɗo da magidanta ake kira. Asararta ba ta shiga lissafi.

To, a kan wace doka zan ɗora wannan? Nan na cije. Kowa Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin al'ummomin asali yake fara jawowa. Amma ranar 13 ga Satumban shekarar, Najeriya tana cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'a. Yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan waɗannan al'ummomi kuwa, a duk Afirka Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ce kaɗai ta amince da ita, a 2010. Duk sakin layin da na gina a kansu, sai in ji muryar wakilin gwamnati a kunnena yana cewa, "Ba mu sa hannu ba, Hajiya." Shi ke nan magana ta mutu. Na yi ta gogewa ina sake rubutawa har raina ya ɓaci, na rufe kwamfuta na bar ta.

Mafitar ta zo ne ta ƙofar mata. Najeriya ta amince da CEDAW, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da nuna wa mata bambanci, tun 1985, kuma sashe na 14 ya yi magana kai tsaye kan matan karkara, har da daidaito a rabon ƙasa da sake tsugunarwa. A 2022 kwamitin yarjejeniyar ya fitar da Shawara ta 39, kan mata da 'yan matan al'ummomin asali. Ita shawarar ba ta ɗaure kowa, amma fassara ce ta abin da ƙasa ta riga ta ɗaure kanta da shi. Sai wata matsalar ta ɓullo: sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai Majalisar Tarayya ta mayar da yarjejeniya dokar gida, CEDAW kuwa ba a yi mata haka ba. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam an yi mata tun 1983. Sai na haɗa sashenta na 18 kan mata da na 21 da 22 kan albarkatu da ci gaba, waɗanda al'ummar Endorois ta Kenya suka yi nasara da su a gaban hukumar Banjul. Daga nan takardar ta miƙe.

Shawarwarin ƙarshe ma na sake musu zubi. Na zauna da jerin shawarwarin da aka bai wa Najeriya a bitar da Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi mata a Janairun 2024, don in ga irin lafazin da ƙasa ke iya karɓa. Na cire "wajibi ne gwamnati ta daina", na sa abin da za a iya ƙirgawa: a bai wa mata masu sayar da nono kujera a kwamitocin sasanci, a kuma shigar da asarar nono cikin lissafin diyya. Ni kam ban ɗauki wannan a matsayin sassauci ba. Zafin yana nan, an dai sa shi inda zai yi aiki. Ina alfahari da shafi biyun nan ƙwarai.

Yanzu kuɗi. Sabunta fasfo ya ci naira 100,000, ya yi min ciwo. Gurbin kuma ba albashi, Janiba kuwa a 2015 wani matashi ɗan New Zealand mai irin wannan horon aiki a tanti ya riƙa kwana a bakin tafki saboda tsadar haya. Wannan tsari yana tace 'ya'yan talakawa tun kafin a karanta rubutunsu, balle 'yar ruga da ake magana a kanta. Shirin ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na horar da 'yan al'ummomin asali, da aka fara a 1997, yana ɗaukar nauyi, amma sai al'ummarka ta tsayar da kai, ni kuwa ba Bororo ba ce, ba zan tare wa mai haƙƙi wuri ba.

A ganawar zan tambaya ko za su yarda in yi aikin daga gida. Duk wadda ta taɓa neman haka a cikinku, don Allah ta faɗa min a wane lokaci ta kawo maganar, kafin a ba ta gurbin ko bayan an ba ta.