Abin da na gani a Alausa lokacin da na bi sawun dokar wuta

Sana'ata haɗa wutar sola ce, kuma yawancin abokan cinikina 'yan Arewa ne mazauna Agege da Mile 12 da Idi-Araba a Legas: teloli, masu sayar da ƙanƙara, masu cajin waya, da masallatan da suka gaji da tara kuɗin mai saboda fanka da lasifika. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, sai na yi ta lallashin mutum kafin ya yarda ya jingine janareto, amma bayanta su ne suka riƙa nemana har gida. Da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta na sa'o'i mafi yawa a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, har waɗanda ke samun wutar Nefa sosai suka fara tambayar farashin faranti da batir.

Wani tela ne a Agege ya jefa ni cikin sha'anin doka. Na ɗora masa faranti takwas a kan rufin shago, wutar ta fi ƙarfin kekunansa, sai ya tambaye ni ko zai iya ja wa maƙwabtansa uku waya su riƙa biyansa duk wata. Na rasa amsa. Da maganar ta kai kunnen dattijon da ke shugabantar 'yan layin, sai ya ce mini: “Malam, kai ne ka yi boko a cikinmu, ka je ka gano mana abin da hukuma ta ce, kada mu zuba kuɗi a wayi gari an ce mun yi laifi.” Na ce masa: “Ranka ya daɗe, in sha Allahu zan bincika.”

Binciken ya nuna mini cewa abin hawa-hawa ne. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan gyaran kundin tsarin mulki wanda ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta har a wuraren da babban layin ƙasa ya kai, gyaran da sai da ya samu kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da ta Wakilai mai kujeru 360, sannan aƙalla majalisun jihohi 24 cikin 36 suka amince da shi. A watan Yuni na shekarar Tinubu ya sa hannu kan Dokar Wutar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2005. Ita ce ta tanadi cewa wani kaso na wutar da ake samarwa da wadda ake saye ya fito daga makamashi mai sabuntawa kamar rana da iska da ruwa, ta kuma ɗauke wa mai samar da abin da bai wuce megawat 1 ba, ko mai rarraba abin da bai wuce kilowat 100 ba, wajabcin neman lasisi. Sai dai tun da Legas na shirin yin tata dokar, a nan gida ne maganarmu za ta tsaya.

Kuskurena shi ne na ɗauka ranar ƙuri'a ita ce komai. Na ɗauko sabon littafi, na ja layi 40 daidai da yawan kujerun Majalisar Dokokin Jihar Legas, da niyyar in rubuta wanda ya goyi bayan wutar rana da wanda ya ƙi, in kawo wa mutanenmu su riƙe zuwa lokacin zaɓe. Na je Alausa, inda majalisar take, wata ranar zama domin in saba da wurin, na hau benen 'yan kallo, na tarar ana kan wani ƙudiri na daban. Da aka gama muhawara sai kakaki ya ce da Turanci masu goyon baya su ce e, zauren ya ɗauka gaba ɗaya, ya ce masu adawa su ce a'a, aka yi tsit, ya buga guduma. Ko murfin birona ban cire ba aka wuce zuwa batu na gaba.

Wannan ita ce ƙuri'ar murya, kuma da ita ake zartar da galibin ƙudirori a majalisunmu, har da na Abuja. Ba a kiran sunan kowa, ba a kuma ƙirga kowa, sai idan wani mamba ya ƙalubalanci hukuncin kakaki ya nemi a ƙidaya, ko kuma batun yana buƙatar kashi biyu cikin uku, kamar yadda aka yi amfani da na'ura wajen ƙuri'ar gyaran tsarin mulki a Maris na 2022. Saboda haka idan ɗan majalisa ya zo unguwa ya ce shi ya tsaya wa wutar sola, ba a ƙuri'a za ka gane gaskiyarsa ba. Abin dubawa shi ne wane ne ya gabatar da ƙudirin, wane ne ya miƙe ya yi magana a karatu na biyu, kuma su wane ne ke cikin kwamitin da aka miƙa masa shi, domin a kwamiti ne ake cire sashe ko a ƙara, a can ne kuma ake karɓar takardun jama'a.

Na fahimci wannan a makare. Mun zauna dare biyu a shagon telan, wutar farantinsa na haska mana, muka rubuta takarda mai shafi biyu. Mun roƙi a sa ido kan jabun kaya, domin ni da hannuna na sha auna farantin da ƙarfin da aka rubuta a bayansa daban, abin da yake bayarwa da tsakar rana daban, ga batiran da ke mutuwa kafin damina ta zagayo, mai saye kuma ya ɗora wa mai haɗawa laifi. Mun kuma roƙi kada kuɗin rajistar ƙananan masu haɗa sola ya fi ƙarfin yaron da ya gama koyon aiki. Da na kai takardar ofishin mazaɓa na ɗan majalisarmu, wani hadimi ya karanta ta a tsaye har ƙarshe, ya ce mini: “Malam, maganarku mai kyau ce, amma da kun kawo ta tun ƙudirin yana hannun kwamiti, da ta fi yi muku amfani.” Ban ga laifin kowa ba sai nawa, domin makonnin da na ɓata ina jiran ranar guduma su ne ya kamata in yi rubutun a cikinsu.

Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya rattaba hannu kan dokar wutar Legas a Disambar 2024, kuma ta kafa hukumar jiha mai kula da harkar, wadda ta karɓi aikin sa ido daga hukumar tarayya. Doka takan ɗora ginshiƙi ne kawai, ƙa'idojin da hukuma ke fitarwa daga baya su ne ke shafar aljihun irinmu, don haka takardarmu ba ta tashi a banza ba. Mun gyara ta, wani lauya ɗan garinmu ya duba mana, mutum 23 suka sa hannu, kuma na ɗora wa wani yarona aikin duba sanarwar hukumar a waya duk ranar Litinin. Telan kuwa lauyan ya ce masa ya rubuta yarjejeniya da maƙwabtan nasa, ya sa wa kowanne ƙaramar mita, kuma ni ne na ɗaura mitocin ranar Asabar da ta wuce.