Gasar Hoton Tsuntsaye da Muka Yi a Bakin Ruwan Legas

Na taso a wani gari da ke gefen fadamar Haɗejia da Nguru, inda kirinjijiya da dinya da zalɓe suke cika ruwa da sanyin safiya, har yaro ba ya ɗaukar su abin kallo. Da neman abinci ya kawo ni Agege, sai na yi shekaru ina ganin babu wani tsuntsu a Legas in ba hankaka da shirwa ba. Wanda ya gyara mini wannan tunani wani dattijo ne da muke sallah a masallaci ɗaya, tsohon malamin makaranta, wanda ɗansa ya aiko masa da madubin hangen nesa mai ido ɗaya, irin wanda ake kafawa a kan ƙafa uku. Ranar da ya fara kai ni bakin ruwan da ke bayan Jami'ar Legas a Akoka, na sa ido a madubin, na ga balbela tana gyara gashinta ɗaya bayan ɗaya kamar a tafin hannuna, alhali tana can nesa inda jifa ba zai kai ba.

Ɗaukar hoto ta cikin irin wannan madubi yana da suna a wajen masu kallon tsuntsaye, suna kiransa dijiskofin. A 1999 ne wani mai sha'awar tsuntsaye ɗan ƙasar Malesiya, Laurence Poh, ya ɗora ƙaramar kyamararsa a kan idon madubinsa, ya ga hoto ya fito, ya baza hotunan a intanet, daga nan dabarar ta yaɗu a duniya. Kamfanin Swarovski, wanda ke ƙera irin waɗannan madubai, ya sha shirya gasar shekara-shekara domin masu wannan aiki. A yau wayar hannu ta isa, matuƙar akwai ɗan abin da zai riƙe ta daidai saitin idon madubin. Yawancin madubai suna kusanto da abu ninki 20 zuwa 60, wanda in da babbar kyamara za a nemi wannan kusanci, kuɗin gilashinta kaɗai ya fi ƙarfin irinmu.

A hunturun da ya wuce muka ce bari mu gwada tamu gasar. Mu goma sha ɗaya ne, daga Agege da Idi-Araba da Obalende, akwai 'yan kasuwa da ɗalibai da direban keke mai ƙafa uku, madubi kuma guda biyu kacal, ana karɓa-karɓa duk ranar Asabar da Lahadi. Dattijon nan da muke kira Malam shi ne alƙali. Sharuɗɗan da ya kafa ba su da yawa: tsuntsun ya zama na daji mai yawo da 'yancinsa, a ɗauki hoton ta cikin madubi, kada a kunna kukan tsuntsu a waya domin a jawo shi, kada a kusanci sheƙa, sannan kowane hoto ya zo da wuri da rana da sunan tsuntsun da Hausa idan mai hoton ya san shi.

Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato. Duk ninkin da madubi ya yi wa tsuntsu, haka yake ninka rawar hannu, har motar da ta wuce a kan gada tana iya ɓata hoto, shi ya sa muka koyi saita wayar ta jira daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, mu janye hannu gaba ɗaya. Idan wayar ta kauce daga saiti ko kaɗan, sai baƙin da'ira ya cinye gefen hoton. Da rana ta ɗaga, tururin zafi da ke tashi daga ruwa yakan sa komai ya riƙa rawa, ga hazon hunturu da ke dusashe launi, saboda haka daga sallar asuba muke kama hanya, kafin ƙarfe tara an gama. Damshin Legas kuma abokin gaba ne ga gilashi, domin yana sa fumfuna ta tsiro a ciki, abin da ban taɓa tunaninsa ba a can Arewa. Mun je Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki sau biyu, wadda aka kafa a 1990 a kan fili mai hekta 78, amma duhun kurmi bai dace da madubi sosai ba, ga gadar tafiya a ƙafa ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401 tana lilo da mutum. Bakin ruwa mai sarari ya fi mana amfani.

Hoto ɗaya aka fitar daga gasa tun kafin a fara hukunci, na wani aku da aka gano cewa a kasuwa aka saye shi, aka ɗora shi a reshe. Wannan bai jawo gardama ba.

Gardamar ta taso ne a kan hotuna biyu da suka rage a ƙarshe. Na farko na wani Alhaji ne mai shagon yadi, hoton garken ƙananan tsuntsayen bakin ruwa a daidai lokacin da suka tashi, fukafukai a buɗe, ruwa yana fallatsa, kowane gashi ya fito tar. Na biyu na yaron nan direba ne, hoton zalɓe tsaye a kan ƙafa ɗaya, ya nutsar da wuyansa, ido a lumshe, kuma hoton yana da ɗan dishi-dishi saboda nisa. Mafi yawanmu mun ɗauka Alhaji ya ci. Malam ya tambaye shi a hankali, ya ce, "Alhaji, me ya tashe su?" Alhaji mutum ne mai gaskiya, ya ce, "Wallahi Malam, ni ne na matsa kusa, na ga sun yi ƙanana a madubin." Sai Malam ya juya wajen yaron ya ce, "Kai kuma ɗana, minti nawa ka tsaya?" Yaron ya ce, "Baba, na fi sa'a guda, ina jira ya saba da ni." A nan aka ba yaron kyautar, wato abin riƙe waya sabo da muka haɗa kuɗi muka saya.

Ni ina tare da wannan hukunci, duk da cewa har gobe idan na dubi hoton Alhaji sai na ji ya burge ni. Dalilin da ya sa aka ƙera madubin shi ne mutum ya gani daga nesa ba tare da ya tsorata abin da yake kallo ba, kuma wanda ya matsa har tsuntsu ya tashi ya watsar da amfanin kayan da ke hannunsa. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Da yawa daga cikin ƙananan tsuntsayen da ke kiwo a taɓon bakin ruwa baƙi ne, daga Turai suke zuwa idan sanyi ya kama can, su zauna da mu har wajen watan Maris ko Afrilu, suna tara kitsen da za su ƙetare Sahara da shi. Duk lokacin da aka firgita su suka tashi, daga wannan guzuri suke ci. A Legas kuwa, inda ake cike bakin ruwa da yashi ana gina gidaje, wuraren kiwon nasu raguwa suke yi kowace shekara.

Sharaɗin sunan Hausa shi ne ya fi ba mu wahala, kuma shi ne ya fi taɓa zuciyata. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, amma da muka haɗa abin da muka sani mu duka, sunayen da muka iya kawowa ba su taka kara sun karya ba, ɗaliban da aka haifa a nan kuwa ba su taɓa jin cilakowa ko zakaran ƙeƙuwa ba. Na riƙa tura hotuna wa kawuna a gida ta WhatsApp, shi kuma yana aiko da amsa da murya, wani lokaci har da waƙar da suke yi wa tsuntsun suna yara. Akwai guda biyu da ya ce bai san su ba, domin tsuntsayen gaɓar teku ne da ba sa zuwa fadama.

Mun yanke shawarar tura abin da muka gani ga masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take jagoranta. Gasa ta gaba za mu fara ta a watan Nuwamba in Allah ya kai mu, kuma Alhaji ya yi alkawarin sayen madubi na uku domin ɗalibai su daina jiran layi.