Kwana huɗu a Rishikesh, wurin tsohon da ya nuna min cibiyata

Shekaranjiya muka sauka Kano, amma har yanzu in na kwanta ƙarar ruwan Ganga nake ji a kunnena, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin bai huce ba. Sati bakwai muka yi a Delhi ina jinyar Yayana da aka yi wa aikin ƙoda, Alhamdulillahi an dace. Sai dai shi yana samun sauƙi ni kuma cikina ya rikice, tsohuwar olsa ta tashi, barci sai ɓarawo, kullum kamar an ɗaure min wani ƙulli daidai saman cibiya. Wani ɗalibi ɗan garinmu da ke mana tafinta ne ya fara kawo zancen Rishikesh, wani gari da ke bakin kogin Ganga a arewacin Indiya, Yaya na ji daga kan gado ya ce "Auta je ka mana ka sha iska, ga Antinka nan, ai ka yi ƙoƙari."

Jirgin ƙasa na bi na sassafe, kafin azahar muna Haridwar, daga nan kilomita ashirin da wani abu ne a irin babban keke napep ɗin nan nasu da ake cusa mutum goma. Abin da ya fara ɓata min rai masauki ne. Na biya kuɗin ɗaki ta waya tun a Delhi, ina zuwa na miƙa fasfo, mutumin ya kalli koren bangon nan ya turo min abina da bayan biro, ko taɓawa bai yi ba, wai babu ɗaki. Na nuna masa shaidar biya ya ce su ba sa iya cike takardar baƙi 'yan ƙasar waje, alhali ga wasu turawa biyu zaune a falon suna shan shayi da makullin ɗaki a hannu. Wallahi na ji zafin abin har cikin raina. A Kano mutum ya zo daga ko'ina ya shiga Kwari ko Singa, ƙaramin abin da zai samu shi ne a ba shi kujera da ruwa. Kuɗina ma sai bayan kwana shida suka dawo.

Ina tsaye bakin hanya da jaka sai wani yaro mai sayar da shayi ya yafito ni, ya haɗa ni da ƙanensa ya raka ni wani lungu can gefen unguwar Swarg Ashram, muka tsallake gadar Ram Jhula, doguwar gada mai lilo wadda mutane da shanu da birai duk kowa ke bi. Gidan wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yana da ɗakuna uku a sama da yake ba baƙi. Ya karɓi fasfona da hannu biyu, ya cike takardar nan da wancan ya ce ba ta cikuwa a cikin minti biyar, rupi 700 na kuɗin Indiya kwana ɗaya har da karin kumallo. Kowa Guruji yake ce masa, ni dai Baba na riƙa cewa, ya tambayi ma'anarsa na faɗa masa ya ce ai su ma haka suke cewa.

Garin nan ba a sayar da nama ba a sayar da giya, doka ce. Na giyar ya min daɗi, na naman kuwa ranar farko na sha wuya, sai wake da shinkafa da gurasarsu capati. Amma fa akwai araha, da rupi 120 za ka ci faranti guda a yi ta ƙara maka miya har sai ka ce ya isa, shayi mai citta da madara rupi 15 a ɗan kofi, ƙarami ne ƙwarai in ka gwada da kofin mai shayinmu amma ya fi kama jiki. Inda tsadar take shi ne duk abin da aka liƙa wa sunan yoga, wato motsa jiki da zaman zuzzurfan tunanin nan nasu. Kowane bango akwai hoton mutum ya tanƙwashe ƙafa, da da'ira bakwai masu launi jere daga ƙasan ƙashin bayansa zuwa tsakar ka, su ne cakra. Wani mai shagon duwatsu ya tare ni ya dubi fuskata ya ce cakrar cibiyata a toshe take, ya ɗauko wani dutse ruwan ɗorawa ya ce 2,500. Gabana ya ɗan faɗi saboda daidai wurin ke damuna. Na yi shiru ina juya dutsen, kafin in ce komai ya sauko 1,500, da na ajiye ya koma 600. Ban saya ba, na taya wani mayafin ulu daga 900 muka daidaita a 350. Ina ƙirga canji na ji yana faɗa wa wata baturiya maganar nan sak, ita ma tata cibiyar a toshe take.

Da dare na ba Baba labari. Bai yi dariya ba, ransa ne ma ya ɓaci, ya ce in hau rufin gida ƙarfe shida na safe kada in ci komai.

Na yi asuba a ɗaki na hau. Sanyi da iska daga duwatsun Himalaya, kogin a ƙasa kore shar. Mu huɗu ne. Ya zauna ya yi mana bayani a tsanake da turancinsa mai sauƙi, ni kuma ɗan Indiyancin da muka tsinta a fina-finai ya taimake ni nan da can. Ya ce cakra ma'anarta ƙafar keke ko abin da ke juyawa, ta cibiya ita ce ta uku in ka ƙirgo daga ƙasa, sunanta Manipura, wato birnin lu'ulu'u, cibiya kuma nabhi suke ce mata. Suna suranta ta kamar furen bado mai ganye 10, a tsakiya akwai jar alama mai kusurwa uku bakinta na kallon ƙasa, ita ce mazaunin wuta, dabbarta rago. A fahimtarsu wutar da ke narkar da abinci a nan take, kuma ita dai wutar ce ke ba mutum ƙarfin niyya da ƙwarin gwiwa, in ta yi rauni mutum ya zama malalaci mai tsoro, in ta yi yawa ya zama mafaɗaci mai son danne kowa. Ya ce cakra biyu na ƙasa na neman tsira ne da sha'awa, ta huɗu ta zuciya ce, don haka duk mai son ya hau sama a tafiyar ruhi dole ya bi ta cibiya ya fara ƙone kwaɗayi da fushi da tsoro tukuna. Ya ƙara da cewa ko likita ya tsaga ciki ba zai ga wani fure ba, abin da zai gani tarin jijiyoyi ne a bayan tumbi, furen wurin ajiye hankali ne ga mai zaman zuzzurfan tunani.

Har maganar launi ya taɓo. Ya ce ruwan ɗorawan da ke bangon kasuwa sabon abu ne, turawa ne suka jera launukan bakan gizo a kan cakra. A tsohon littafin da Purnananda ya rubuta a 1577, wanda wani alƙali Bature John Woodroffe ya fassara a 1919, ganyen furen launin hadari ne mai duhu, irin wanda ya ɗauko ruwa. To ina dutsen mai shago ya shigo?

Da aka zo wurin furuci, kowa zai riƙa maimaita kalmar "ram" yana mai da hankali a cibiya, sai na ɗaga hannu na ce Baba ni Musulmi ne, ina so ka faɗa min gaskiya, wannan kalmar sauti ce kawai ko ibada ce? A nan mutumin ya shiga raina. Da ɗan kasuwa ne cewa zai yi ba komai ai motsa jiki ne. Shi ko ya ce kalmar wuta ce, tana da alaƙa da Agni abin bautarsu, kuma a cikin furen ma suna suranta Rudra, wani abin bautar nasu, saboda haka addini ne, kada in faɗi abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba. Ya ce numfashi dai ba na kowa ba ne, wanda ya halicce ka shi ya ba ka, yi shi da sunan da ka sani.

Ya sa na ɗora hannun dama a kan cibiya, na hagu a ƙirji, ya ce in yi numfashi yadda na saba. Na hagu ne kawai ke motsi, na daman ko gezau. Ya durƙusa gabana, yatsunsa sanyi ƙalau, ya danna yatsu biyu ƙasa da ƙashin ƙirjina kaɗan, wurin tauri kamar katako har sai da na zabura. Ya ce wata nawa ka yi kana riƙe da cikinka haka? Nan take hawaye suka zo min, don na tuna tun ranar da aka ce ƙodar Yaya ta daina aiki ban sake sakin jikina ba. Ya ce in ja iska ta hanci a hankali in bar ciki ya kumbura ya ture hannun, in ƙirga huɗu, in sake ta ina ƙirga shida. Da farko abin ya ƙi, kafaɗuna ke ɗagawa. Wajen minti goma sai na ji cikin ya saki, wani ɗumi ya bazu daga cibiya zuwa baya, har cikin ya yi ƙugi kowa ya ji. Sauran ukun ya sa su kapalabati, numfashin nan da ake fizgar ciki da sauri kamar zugazugin maƙeri, ni ya hana ni saboda olsa, ya ce mai hawan jini da mai juna biyu ma bai kamata su yi ba, kuma kada in kuskura in ajiye maganin asibiti.

Ban ga haske ba, ban ga fure ba, kuma ban yarda akwai wani abin bauta a cikina ba. Amma zaman nan ya sa na yi ta tunanin harshenmu. Mu ma ai a ciki muke ajiye komai, farin ciki, baƙin ciki, zurfin ciki, in tsoro ya kama mutum mu ce cikinsa ya ɗuri ruwa. Kuma tsakiyar kowane abu cibiya muke ce masa. Na faɗa wa Baba haka ya sa na maimaita masa kalmomin yana rubutawa a wani tsohon littafi. Na kawo masa hadisin da Annabi (SAW) ya ce a raba ciki uku, ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi, ya yi shiru ya jima sannan ya ce in sake faɗa. Safiya uku na yi a rufin nan, su suna nasu furucin ni ina istigfari a zuci, kowane jan numfashi da ɗaya, kuma na daɗe ban samu natsuwa a zikiri irin ta kwanakin ba, don da bakina ke yi hankalina na can wurin lissafin kuɗin asibiti. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka mai da wannan ilimin haja, ana karɓar ɗaruruwan daloli wurin baƙi da sunan buɗe musu cakra a sati ɗaya, shi kuwa tsohon nan ya ce ya haura shekara arba'in yana zama kuma bai taɓa ce wa kowa tasa ta buɗe ba.

Da yamma na je bakin kogi na ga bikin fitilun da suke yi a Parmarth Niketan, wani gidan ibadarsu, daga nesa na tsaya. Ranar tafiya na ƙara wa Baba 1,000 na karatu ya mayar min cikin aljihu, matarsa kuma ta ƙullo min soyayyar gyaɗa da kwalbar zuma in kai wa mara lafiya.

A dawowa na tsaya Jwalapur kusa da Haridwar, a nan na sake jin kiran sallah bayan kwana huɗu, na ci nama. Juma'ar ƙarshe na yi ta a babban masallacin Delhi da Shah Jahan ya gina, sahu kaf sun ɗaure hannu a ƙasan cibiya irin na Hanafiyya. Muka biyo ta Adis Ababa, Yaya ya sha barcinsa har muka sauka. Yau da asuba bayan sallah Hajiya ta leƙo ta same ni zaune kan darduma hannu a ciki, ta ce "Auta cikin ne kuma?" na ce a'a Hajiya, zo ki zauna in nuna miki.