Hannun da Na Ƙi Saurara

Wata Asabar ce cikin watan Yuli, ina da shekara 16. Ina tsaye kan tudun mai jifa a zagaye na biyar na wasan besbol, na ɗaga ƙafa na saki ƙwallo, sai na ji wani abu ya yi ɗas a cikin gwiwar hannuna ta dama, kamar an tsinke tsirkiya. Ƙwallon ta faɗi ƙasa tun ba ta kai ga mai cafewa ba. Ƙaramin yatsana da na kusa da shi suka mace nan take. Na karɓi ƙwallon, na goge ta a wando, na sake jefawa. Sau shida na ƙara kafin koci ya taho ya zare ta daga hannuna.

Ƙannena masu sha'awar besbol, musamman ku da kuka taso a nan Amurka kamar yadda na taso, wannan raunin ba a ranar ya fara ba. Ya daɗe yana sallama, ni ne na ƙi amsawa.

Ina ɗan shekara 11 muka baro Kumasi muka sauka a Bronx ta birnin New York, tafiyar ƙafa kaɗan daga filin ƙungiyar besbol ta Yankees. Yaran layinmu yawancinsu 'yan asalin Dominika ne, su kuwa besbol a jininsu yake. Ban iya bugu ba, amma Allah ya ba ni hannu, kuma da manya suka gane haka sai kowa ya so ni. A bazarar da na ji rauni ƙungiya biyu nake yi wa wasa. In jefa wa wannan ranar Talata, in jefa wa waccan ranar Asabar, a tsakani kuma in durƙusa bayan mai bugu in yi aikin cafewa, wanda shi ma kowace ƙwallo sai ka mayar da ita da hannun nan dai. Kowane koci yana ganin ya ba ni hutun mako guda, don ban taɓa gaya wa ɗayansu abin da na yi wa ɗayan ba. Ina tsoron a ajiye ni a benci. Babu wanda ya haɗa lissafin, kuma ni kaɗai ne nake da halin haɗa shi.

Da sanyi ya shigo aka rufe filaye, ban huta ba. Na samu wani ɗakin motsa jiki mai raga da na'urar auna gudun ƙwallo, ina zuwa ina jifa da iyakar ƙarfina don in ga lamba ta hau. Shekara biyu cur hannuna bai samu wata guda ba tare da jifa ba. Idan ya yi tsami in ɗora ƙanƙara, in haɗiyi maganin ciwon jiki. Umma ta taɓa ganina ina cin tuwo da ƙyar, hannu yana rawa kafin ya kai baki. Ta ce, "Kai, me ya samu hannun nan?" Na ce, "Ba komai, Umma, gajiya ce." Gaskiya na faɗa, sai dai ban san gajiyar ita ce cutar ba.

Likita ya nuna mini hoton. A cikin gwiwar hannu, ta ɓangaren da ke kallon jiki, akwai wata 'yar gajeriyar jijiya da ke riƙe ƙashin dantse da na sangalin hannu. Duk lokacin da mai jifa ya ja hannu baya ya fizgo shi, ita ke ɗaukar nauyin. Tsokar hannu ce ke taya ta, to idan tsoka ta gaji sai ta sakar mata kayan ita kaɗai. A hankali take sasuwa, zare-zare, har ranar da za ta yanke. Ƙananan yara kuma, waɗanda ƙashinsu bai gama haɗewa ba, wurin da ƙashin ke girma ne yake fara ɓaci.

Aikin da aka yi mini shi ne wanda ake kira da sunan Tommy John, mai jifa na ƙungiyar Dodgers da likita Frank Jobe ya fara yi wa a 1974. Ana ciro wata jijiya daga wani sashe na jiki, a huda ƙashi, a ɗinke ta a madadin wadda ta tsinke. Tommy John ya rasa kakar 1975 baki ɗaya, ya dawo a 1976, ya ci wasa 164 bayan aikin. Wannan labarin ne ke ruɗar yara, har wasu na ganin aikin ƙara ƙarfi yake yi. Ku ji daga bakin wanda aka yanka: jinyar kan ɗauki wata 12 zuwa 18, kuma ba kowa ke dawowa yadda yake ba. Ni ban dawo ba. Na ƙarasa sakandare ina kallon wasu suna hawa tudun.

Daga baya ne na karanta binciken cibiyar nazarin lafiyar 'yan wasa ta Birmingham a jihar Alabama, inda James Andrews da Glenn Fleisig suka yi aiki. A 2006 sun gano cewa matashin da ya saba jifa da gajiyayyen hannu, haɗarin kaiwa ga tiyata ya ninka masa sau 36, wanda kuma ke jifa fiye da wata takwas a shekara ya ninka masa sau biyar. Sun kuma bi yara 481 tsawon shekara goma, suka ga wanda ya wuce zagaye 100 a shekara ya fi sauran shiga mummunan rauni sau uku da rabi. Ina karantawa ina ganin kaina a kowane layi.

Ku kun zo a lokacin da aka sa doka. Tun 2007 Little League, hukumar gasar besbol ta yara, ke ƙirga jifa: 75 a rana ga 'yan shekara 9 da 10, 85 ga 'yan 11 da 12, 95 ga 'yan 13 zuwa 16. Ɗan shekara 14 ko ƙasa da haka da ya jefa 66 sai ya huta kwana huɗu. A 2014 babbar gasar Amurka ta haɗa kai da hukumar besbol ta ƙasa suka fitar da tsarin Pitch Smart, wanda ya ce a ajiye jifan gasa aƙalla wata huɗu a shekara, biyu ko uku daga ciki a jere. Amma dokar nan wasa ɗaya take gani, ƙungiya ɗaya take ƙirga wa. Yaro irina, mai riga biyu a jaka, zai iya bi ta ƙarƙashinta ba wanda ya sani. Don haka ka sayi ɗan littafi, ka rubuta kowace rana: nawa ka jefa a wasa, nawa a atisaye, yaya hannu ya kwana. Ka nuna wa kowane koci da kake yi wa wasa, ko da hakan zai sa ya zaunar da kai.

Akwai kocin da nake girmamawa ko da ban taɓa ganinsa ba. A Japan, ƙasar da Daisuke Matsuzaka ya jefa 250 a wasa guda na Koshien, gasar makarantun sakandare ta ƙasa, a 1998 aka yi ta yabonsa, kocin makarantar Ofunato ya hana ɗan wasansa Roki Sasaki jifa a wasan ƙarshe na lardin Iwate a 2019, don tsoron hannunsa. Suka sha kashi, mutane suka yi masa caa. A 2022 Sasaki ya yi wasan da ko mai bugu ɗaya na abokan hamayya bai kai tashar farko ba, ya fitar da 19 daga cikinsu da jifa kawai, yana ɗan shekara 20.

Batun atisaye kuwa, ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu isarwa kawai yake yi. Na ɓata shekaruna ina wahalar da hannu, na bar cinya da gadon baya. Ka ɗumama jiki kafin ka taɓa ƙwallo, ka ja robar kafaɗa, kuma bayan dogon hutu ka fara da jifa mai sauƙi a kusa, kana ƙara nisa mako bayan mako kafin ka hau tudu.

Yanzu ranakun Asabar ina koyar da 'yan shekara 12. Ba na tambayar yaro ko ya gaji, don na san amsar da na ba Umma. Kallonsa nake yi: gwiwar hannu ta fara sauka, ƙwallo tana tashi sama, yana daɗewa tsakanin jifa da jifa, yana yarfa yatsu a ɓoye bayan cinya. Makon jiya na ga haka a jikin wani yaro yana kan jifa na 58, saura mutum ɗaya ya rufe zagayen, babansa na tsaye bayan waya yana masa kirari. Na taka har tudun na miƙa hannu. Ya ce, "Koci, don Allah ɗaya kawai." Idonsa ya ciko. Na karɓi ƙwallon, na rubuta 58 a littafinsa, na rubuta Laraba a gefe, ranar da zai sake jifa.